Amsoshin Tambayoyinku: Waƙar Yabo da Kiɗan Rawa

Wata mai sauraronmu daga Jos tana tambaya: me ya sa ake sake wa waƙoƙin Kirista na zamani kiɗa har su zama na rawa?

To malama, muryar mawaƙi ake ɗauka yadda take, a cire kiɗan asali, a ɗora mata bugu mai sauri da kwamfuta. Ana yin haka don janyo matasa, kuma kamfani ya sake cin kasuwar tsohuwar waƙa. Wasu masu ibada na ganin kiɗan yana danne saƙon, ni ma nakan damu idan kalmomin suka ɓace. Ƙungiyar Newsboys ta fitar da irin wannan faifai a 2002. A 2014 kuma Amy Grant ta Amurka ta fitar da In Motion, har da waƙarta Baby Baby ta 1991 a ciki.