Kafin Ka Zuba Tarwaɗa A Sabon Tanki

Mai shirin kiwon tarwaɗa a Tozai, kada hasken ruwa ya ruɗe ka: sabon tanki yakan kashe kifi ko da ruwansa garau yake. In na siminti ne, cika shi, bar shi ya jiƙa, zubar, ka yi ta maimaitawa kamar mako 2, don sabon siminti yana sa ruwa ya yi kaifi irin na kanwa.

Abin da ya fi damuna shi ne amoniya. Kashin kifi da ragowar abinci ne ke kawo ta, bakteriyar da ke cinye ta kuwa sai ta yi mako 4 zuwa 6 kafin ta kama bango da matata. Zafin Afrilu a ƙasar Illela, mai haura digiri 40, yana ƙara wa amoniya dafi. Don haka fara da 'ya'yan kifi kaɗan, ka ba su abin da za su cinye nan take, kana rage ruwa kana ƙara sabo. Ruwan burtsatse ya kwana a buɗe tukuna, ya sha iska.

Ran da ka ga sun ƙi ci, sun rataye a saman ruwa kai sama, wutsiya ƙasa, tsayar da abinci, ka sauya rabin ruwan.