Hoton Situdiyo Da Hoton Ba-zata: Darasin Da Na Koya Da Ƙyar

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin ɗaukar hoto ya dawo mini da hotuna 12 da na kai masa, ya ce in sake. Taken aikin shi ne rayuwar ɗalibi a makaranta. Ni kuwa abokaina na kwasa muka shiga situdiyon sashenmu, kowa ya ci kwalliya ya rungumi littafi. Hotuna sun fito tas, amma Malam ya tambaye ni: “A cikinsu wa ka taɓa gani haka a layin ruwa da asuba?” Wallahi na rasa amsa. Ga shi ajin ƙarshe nake, faɗuwa ba tawa ba ce, dole na koma na fahimci bambancin.

A situdiyo, kai ne mai iko da haske. Ana fara koyo da fitila uku: babba a gaba ta ɗan karkata gefe, ta biyu mai sassauta inuwa, ta uku a baya don ta raba mutum da labule. Za ka iya barin ISO a 100, hoto ya fito babu dishi-dishi. Shi kuma wanda ake ɗauka ya zo ne ya nuna yadda yake so a gan shi. Seydou Keïta na Mali, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da babur, mutane su ɗau hoto da su ko da ba nasu ba ne. Wannan ba yaudara ba ce, burin mutum ne ya fito a takarda.

A waje kuwa, abu biyu kacal ke hannunka: inda ka tsaya da lokacin da ka latsa. Ranar tsaka tana zuba inuwa a ƙarƙashin ido, don haka ka fita da sassafe ko bayan la'asar. In mutum yana motsi, kada saurin ɗauka ya gaza 1/250, in ba haka ba hoton zai gauraye. Masu amfani da waya, ku goge gilashin kyamara, musamman lokacin hazo, kuma ku matsa kusa maimakon jawo hoto da yatsa.

Sai babban abu, wato izini. Hoton ba-zata ba hoton sata ba ne fa. Da na koma aikin, sai da na yi sallama na gaya wa mai shayin bakin hostel abin da nake yi. Ya ce bismillah. Kwana uku ina zama a bencinsa kafin ya daina gyara hula in ya ga kyamara. A rana ta huɗu na same shi yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, wasu ɗalibai biyu na musu a kan takardar jarrabawa. Wanda ya ce a'a, musamman mata, ka ƙyale shi, kuma kada ka sa hoton kowa a intanet bai sani ba.

To wanne ya fi? Malick Sidibé, shi ma ɗan Mali, duka biyun ya yi: da rana yana situdiyo, da dare yana bin wuraren bikin matasan Bamako da kyamara. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a baje kolin zane-zane na Venice da ke Italiya.

Shawarata ga ƙannenmu 'yan ajin farko: ku riƙe firaktikal na situdiyo da kyau, can ake sanin haske. Amma kafin ka saita kyamara, tambayi kanka me aka ce ka nuna. Ni rashin wannan tambaya ne ya ja mini sake aiki da kuɗin wanke hoto sau biyu. Hoton mai shayin nan shi Malam ya karɓa.