Zafin ciki da muke kira olsa: magani da canjin hali

A ƙauyukanmu na ƙasar Zuru, da zarar mutum ya ji zafi a ƙarƙashin ƙirji sai a ce olsa ce. Sau da yawa bangon tumbi ne ya kumbura. Idan aka ƙyale shi, yana iya zama gyambo har ya zubar da jini. Shan kanwa yakan kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma ba ya taɓa tushen ciwon.

Me ke kawo shi?

• Wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori. Likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta a 1982. Tana iya shiga jiki ta ruwa ko abinci marar tsabta.
• Magungunan ciwon jiki kamar asfirin, ibuprofen da diclofenac. Manomi ya dawo gona a gajiye, ya saya a kemis, ya sha ba abinci a cikinsa. Garin Alabukun ma asfirin ne a cikinsa.
• Yawan shan burukutu da sauran giya, da taba.

Magani a asibiti

A je Babban Asibitin Zuru ko asibiti mafi kusa. Akwai gwajin da ke nuna ƙwayar cutar. Idan an same ta, likita yakan ba da omeprazole mai rage ruwan tsamin ciki, tare da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu ko fiye, yawanci na kwana 14. Ana shan omeprazole minti 30 kafin abinci. A shanye maganin duka ko da zafin ya tafi bayan kwana uku. Wanda ya tsaya a rabi, ciwon zai dawo, kuma ƙwayar za ta fi wuyar kashewa.

Abin da za mu yi a gida

• A ci wani abu, ko kunu ne, kafin a fita gona. A riƙa cin kaɗan-kaɗan maimakon a yini da yunwa a cika ciki da tuwo da dare.
• Don ciwon jiki, a sha farasitamol bisa ƙa'ida.
• A rage barkono da goro idan suna tayar da zafin.
• A wanke hannu da sabulu, a tafasa ruwan rafi kafin a sha.

Alamun haɗari

Aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, jiri, ko rama ba dalili. Kada a jira ranar kasuwa. A kai mutum asibiti a ranar.

Don tattaunawa

1. Waɗanne magunguna muke saye ba tare da tambayar ma'aikacin lafiya ba?
2. Me yake sa mutane su bar magani a rabi?
3. Yaya ƙungiyarmu za ta taimaki wanda ba shi da kuɗin magani na kwana 14?