Abin da sawun saniya ke faɗa

Idan na je rijiya duba bisashe, ba na fara taɓa su. Nakan koma gefe su wuce, sannan in duƙa in dubi sawu. Wani dattijon makiyayi ne ya koya mini haka a wajen Dakoro, bayan na ce wani bijimi lafiyarsa lau don na gan shi tsaye a ɗaure. Kwana biyu da kama hanyar arewa ya kasa bin garke, aka sayar da shi da araha.

Saniya mai tafiya a hankali ƙafa ɗaiɗai take ɗagawa: ta baya ta hagu, ta gaba ta hagu, ta baya ta dama, ta gaba ta dama. In lafiyarta ƙalau, kofaton baya yakan sauka cikin sawun na gaba ko daf da shi. In ka ga ya tsaya baya sosai, kullum a gefe guda, akwai abin da take jin zafinsa. Dubi gadon bayanta kuma, mai ciwo takan tanƙwara shi. Kai ma yana magana: in ciwon a ƙafar gaba yake, takan ɗaga kai daidai lokacin da ƙafar ta taɓa ƙasa, don ta rage mata nauyi.

Da ta soma sassarfa tsarin ya canza, ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu su tashi tare. A nan ƙaramin ɗingishi ya fi fitowa, shi ya sa nakan sa yaro ya ɗan kora ta a kan fako.

Raƙumi nasa daban ne. In ya ɗau sauri ƙafafun gefe guda ne ke tafiya tare, abin da ke jijjiga mahayi ke nan, kuma hakan na hana dogayen ƙafafunsa karo da juna. Tafinsa mai faɗi da taushi yana bajewa a rairayi. Amma a taɓon bakin tabki santsi ke kwashe shi, ƙafafu su ware, wani lokaci har karaya. Da damina ka nema masa mashaya mai tauri, ko da nisa.

Kafin a tashi zuwa Ingal, ka sa garken ya wuce gabanka ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta gajarta taku ka ɗaga ƙafarta, ka wanke, ka duba tsakanin kofato ko akwai ƙaya, tsakuwa ko wari. In da yawa ne ke ɗingishi tare, ga yawu na zuba daga baki, ka ware su daga mashaya, ka kira likitan bisashe a ranar.