Darasi: Mutum Huɗu, Tabarma Ɗaya

Tun da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, firgici bai bar ƙasarmu ba, har Faskari da Sabuwa. Waɗansu matasanmu suka nemi barci a tramol da kodin, hankalinsu ya taɓu.

A Bisharar Markus, sura 2, mutum huɗu ne suka ɗauki shanyayye zuwa wurin Yesu. Haka mai barin ƙwaya yake bukatar tsaransa waɗanda suka taɓa faɗuwa suka tashi. Bari su taru kowane mako, kowa ya faɗi damuwarsa, a rufa wa juna asiri, a tuna wa juna shan maganin likita. Wanda ya sāke faɗuwa, kada mu yi masa gori. Mu kama bakin tabarmarsa.