Shugaba Ya Fara Sanin Kansa: Darasi Daga Hausawan Badun

Ya ku 'yan'uwa, kowane ɗalibi da ke cikin wannan kwaleji shugaba ne na gobe, ko ya so ko ya ƙi. Ran da aka miƙa maka alli da rajista aka ce ga ajinka, ran nan ka zama shugaban yara arba'in ko hamsin. Bayan 'yan shekaru watakila a danƙa maka makaranta sukutum, da malamanta da kuɗinta da rigingimunta. Saboda haka na ga ya kamata mu yi nazari a kan abin da ya fi kome wuya cikin shugabanci, watau mutum ya san kansa. Dabarun koyarwa da tsarin darasi duk a na koya muku a aji. Amma sanin kai ba shi da lokaci a jadawali, ba a kuwa ba da takardar shaida a kansa, alhali in babu shi sauran ba su tsinana wa mutum kome.

Zan ɗauko misalina daga 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Ibadan, wadda mu ke kira Badun, tun daga Sabo har zuwa Ojoo da Sasa. Dalilina shi ne, shugaba a can ba shi da dogarai, ba shi da gidan yari, kuma ƙasar ba ta kakanninsa ba ce. Ba abin da ya ke riƙe jama'a da shi sai halinsa. To, malamin da aka tura ƙauyen da bai san kowa ba, ai shi ma haka ya ke.

Yadda Sabo ta kafu

Hausawa sun daɗe su na fatauci zuwa ƙasar Yarabawa, su kai shanu su sayo goro. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko cikin 1901, da ya kai Kano kuwa bayan shekara goma sai ciniki ya bunƙasa ƙwarai. A 1916 aka keɓe wa Hausawa wuri nasu kusa da Mokola, shi ne Sabo, aka kuma yarda da sarkinsu ya riƙa lura da al'amuransu a ƙarƙashin sarautar gari. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna ya binciki zaman unguwar cikin 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kanta a 1969. A lokacin ya sami Hausawan Sabo sun ɗara dubu huɗu kaɗan, kuma ragamar ciniki ta na hannun masu gida wajen talatin.

Da gari ya faɗaɗa, sai harka ta yi ta matsawa arewa. Ojoo ita ce ƙofar Badun ga mai fitowa daga Ilori da Oyo, nan manyan motoci ke sauke kaya da fasinja. Kusa da ita ga Sasa, inda a ke kawo tumatir da albasa da tattasai daga Arewa, kuma Hausawa da Yarabawa su na zaune tare shekara da shekaru. Daga tarihin waɗannan wurare na tsamo darussa uku.

Darasi na farko: ka san nauyin da za ka iya ɗauka

Ku dubi aikin mai gida a kasuwar shanu ta zamanin da Cohen ya yi bincikensa. Falke ya taso da garke daga Arewa. Ba shi da halin jira, gama a kurmi akwai ƙudan tsando mai sa wa shanu sammore, kowace rana dabba ramewa ta ke yi. Mahauta kuwa Yarabawa ne, bai san su ba, ba ya jin harshensu, kuma ba su da kuɗi a hannu sai sun yanka sun sayar. Tilas ciniki ya zama na bashi. To, wa zai tsaya? Sai mai gida. Shi zai sauki baƙo, ya ci da shi, ya sa dillalansa su sayar da shanun, sa'an nan ya ɗauki lamunin cewa kuɗi za su fito. In mahauci ya gaza, shi mai gida zai biya daga aljihunsa. Cohen ya ƙiyasta shanu kusan 75,000 a ke sayarwa a wannan kasuwa kowace shekara, bashin da ke yawo a cikinta kuma ya kan kai fam 100,000, ba takardar yarjejeniya, ba zuwa kotu.

Kun ga ke nan jarin mai gida ba shanu ba ne, sunansa ne. Wajibi ne ya san ƙarfin kowane mahauci, amma kafin wannan wajibi ne ya san nasa ƙarfin. In son a ce shi babba ne ya sa ya ɗauki lamunin da ya fi ƙarfinsa, ran biya ya kasa, labari zai riga shi isa Kano, baƙinsa kuwa su koma gidan wani. Ba wanda zai tuɓe shi, zai dai waiga ya ga zaurensa wayam.

Haka malami ya ke. Sabon hedimasta ya kan iso da zafi, ya yi wa iyayen yara alkawarin rijiya da sabon aji da littattafai duk cikin shekara guda, don ya na jin kunyar ya ce ba zai iya ba. Wannan kunya ba ladabi ba ce, rashin sanin kai ne. Gara ka yi alkawari ɗaya ka cika da ka yi goma ka cika tara, domin na goman nan shi za a riƙa tunawa. Wanda ya iya cewa “wannan ya fi ƙarfina, sai mu nemi taimako” ya riga ya hau matakin farko na girma.

Darasi na biyu: ka rarrabe kanka da kujerarka

Muddin Turawa na mulki ta hannun sarakuna, Sarkin Sabo ya na da gwamnati a bayansa, maganarsa kuwa kamar doka ce a unguwa. Amma da siyasar jam'iyyu ta shigo, aka sake tsarin mulkin Jihar Yamma a wajen 1952, sai wannan goyon baya ya janye. Me ya riƙe unguwa sa'an nan? Cikin 1951 da 1952 yawancin mazan Sabo suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya, a 1952 kuma suka fara sallar Juma'a a masallacinsu maimakon zuwa babban masallacin gari. Daga nan nauyin shirya jama'a ya rataya a wuyan sarki da masu gida da malamai tare, kowa na bukatar ɗan'uwansa. Umurni kaɗai ya daina isa, sai an haɗa da shawara da lallashi da riƙon amana.

Abin lura a nan shi ne, iko iri biyu ne. Akwai wanda a ke ba mutum da takarda, akwai kuma wanda mutane ke ba shi da zuciyarsu. Na farko wanda ya bayar ya na iya karɓewa gobe da safe. Na biyu kuwa ba mai karɓe shi sai kai da kanka ka zubar. Haɗarin da ke kan shugaba shi ne ya ga a na tashi in ya shigo, ya ɗauka shi a ke girmamawa, alhali kujera a ke wa. Ni kan ba ɗalibaina wani ma'auni mai sauƙi: ka tambayi kanka, in aka ɗauke bulala da littafin horo daga makarantar nan yau, yara nawa za su yi abin da na ce gobe? Amsar da zuciyarka ta ba ka, ita ce ainihin girmanka. Monitan aji ma ya na iya gwada kansa da wannan tun yanzu.

Darasi na uku: ka san fushinka da inda zuciyarka ta karkata

Cikin watan Fabrairu 2021 sunan Sasa ya cika ƙasa. Ƴar gardama ce ta tashi tsakanin wani ɗan dako Bahaushe da wata mai shago Bayarabiya a kan kayan gwari da suka zube. Wani mai gyaran takalma ya shiga tsakani, aka yi masa rauni, daga baya ya rasu. Kafin a ankara wuta ta kama, aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje na ɓangarorin biyu. Mutane masu yawa suka fake a gidan Sarkin Sasa na lokacin, Alhaji Haruna Maiyasin. Gwamnan Jihar Oyo, Seyi Makinde, ya rufe kasuwa ya sa dokar hana fita, gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Bauchi kuma suka zo Badun don a kwantar da hankali.

Ban kawo wannan don in ɗora wa wani laifi ba. Na kawo shi don ku ga girman abin da ke hannun wanda jama'a ke saurare. A irin wannan rana kowa zai rugo wurin babba da labari, kowane labari kuwa ya fi na gabansa zafi. Shi ma babban mutum ne, ya na da dangi, jininsa na tafasa kamar na kowa. In bai san wannan game da kansa ba, zai ɗauki fushinsa a matsayin gaskiya, ya furta kalma guda wadda samari za su mayar da ita izini. In kuwa ya san halinsa, sai ya ce wa ransa, “Yanzu raina a ɓace ya ke, ba zan yanke magana ba sai na ji ta ɗaya gefen.” Hausawa sun ce babba juji ne. Ma'anarsa, kowa zai kawo tasa sharar ya zuba, aikin babba shi ne ya haɗiye, kada ya mayar wa mutane da ita.

Kada ku ce wannan ya yi nisa da aji. Za ku koyar da 'ya'yan ƙabilu dabam dabam. Ran da ɗan garinku ya yi faɗa da ɗan baƙo, duk aji zai zuba muku ido. Zuciya ta na karkata ba tare da ta yi sallama ba, wanda ya ce tasa ba ta karkata shi ya fi kowa zama abin tsoro. Yaran da suka ga adalci a hannunka su ne dattawan kasuwa na gobe.

Yadda a ke koyon sanin kai

Wannan ilmi ba baƙo ba ne gare mu. Malamai su na kiransa muhasaba, watau mutum ya yi wa kansa hisabi, Imam Gazali kuwa ya yi dogon bayani a kansa. Ku tuna kuma da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A wajen 1807, a tsakiyar nasara, ya duba ya ga son duniya ya fara shiga zukatan waɗansu, ya ji wa kansa tsoro, ya bar runduna da niyyar tafiya gabas. Da ya iso Kano mutanen gari suka tsai da shi, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami a kan yadda a ke mulki, daga baya ya koma. Wanda ya fara tuhumar kansa, shi ya cancanci ya koya wa waɗansu.

Ga hanyoyi huɗu da na ke ba ku shawara ku fara tun ku na nan.

Na ɗaya, ka sami ƙaramin littafi. Kowane dare ka rubuta abu uku: abin da ya ɓata maka rai yau, abin da ka yi alkawari, da wanda ka hana magana. Bayan wata guda ka karanta daga farko. Za ka ga abu ɗaya ya na ta maimaituwa, to, nan ne ɗakinka ke yoyo.

Na biyu, ka nemi aboki guda wanda ba ya jin tsoronka, ba ya kuwa neman kome a wurinka, ka ba shi izini ya gaya maka gaskiya. Laifi tudu ne, mutum ya kan taka nasa ya hango na wani, don haka a ke bukatar idon wani. In ya faɗa maka, kada ka kare kanka nan take, ka yi godiya ka kwana da maganar.

Na uku, ka lura da na ƙasa da kai. In ka shigo ɗaki hira ta mutu, in ba wanda ya taɓa kawo maka labari mara daɗi, kada ka ɗauka kome lafiya. Alama ce an daina gaya maka, kuma kai ne za ka zama na ƙarshen jin abin da ke faruwa a makarantarka.

Na huɗu, ka sa wa kanka doka: ba horo, ba wasiƙa, ba hukunci cikin fushi. Abin da ya ke daidai yau, zai zama daidai gobe da safe.

Kada wani ya zaci za a gama wannan karatu cikin shekara guda. Kowane sabon matsayi ya kan tono wani hali da mutum bai san ya na da shi ba. Wanda ya iya haƙuri da yara, watakila ya kasa haƙuri da malamai 'yan'uwansa, wanda bai damu da kuɗi ba ya na ɗalibi, sai ran da aka ba shi mabuɗin akwati zai san kansa. Amma icce tun ya na ɗanye a ke tanƙwara shi, ku kuwa yanzu ne lokacinku. Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa na ce jarin mai gida sunansa ne, ba shanu ba? Mene ne jarin malami?
2. Ka kawo misali daga garinku na mutumin da ya bar kujera amma girmansa bai ragu ba. Wane hali ne ya jawo masa haka?
3. Yara biyu 'yan ƙabila dabam sun yi faɗa a ajinka, ɗaya ɗan garinku ne. Ka tsara matakan da za ka bi, ɗaya bayan ɗaya.