Wa Zai Yi, Nawa, Zuwa Yaushe?

Cikin zafin bazarar 2024 aka kira ni a waya cewa ƙyanda ta ɓulla a wata ruga da unguwanni biyu da ke maƙwabtaka da ita, a ƙasar da ke tsakanin Kankia da Kusada. Ba zan kama sunan mazaɓar ba, haka ma ƙaramin asibitin da ke kula da ita, domin ba tozarta wani ne ya sa na yi wannan rubutu ba. Aikina sa ido ne a kan rigakafin yau da kullum, kuma na daɗe ina yin sa a wannan shiyya.

Da muka isa mun tarar da yara kwance ɗaki-ɗaki, idanu sun yi ja sun kumbura, ga tari, ga ƙuraje har tafin hannu. Wata yarinya 'yar wata 15 an riga an yi jana'izarta kafin zuwanmu. Ƙyandar ce ta sauka mata a ƙirji. Kafin a yi tunanin Babban Asibitin Kankia sai da aka kwashe kusan mako ana jigilarta wurin wani mai kemis, yana ɗirka mata allurai safe da yamma, har da ƙarin ruwa a kan benci, mutumin da bai taɓa zama ajin koyon aikin lafiya ba. Sai da numfashi ya fara yin sama-sama sannan ya ce a wuce gaba. A hanya rai ya yi halinsa.

Uwar ta shiga ɗaki ta ɗauko mini katin yarinyar, a naɗe cikin leda, tsaf. BCG tana nan. Penta ta ɗaya, ta biyu, ta uku, duk a kan lokaci. Layin ƙyanda ne kawai fayau. Ta ce da ni, "Malam, ni ban taɓa ƙin allura ba. Da can duk wata kuna zuwa gindin tsamiyar nan. Tun damina ba mu sake ganin kowa ba. Na sa maigidan ya tambayi mai unguwa, ya ce ana nan ana magana."

Mai unguwa bai yi ƙarya ba. Ana nan ana magana, kuma shi ne abin da ya fi ƙona mini rai da na koma asibitin na ce a ba ni littafin zaman kwamitin ci gaban mazaɓa.

Kwamitin nan ba malalaci ba ne. Daga Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024 bai fasa zama ko sau ɗaya ba. Kowane wata ga addu'ar buɗewa, ga jerin mahalarta da muƙamansu shafi guda cur, ga jawabin shugaba, ga godiya ga hakimi, ga godiya ga ƙaramar hukuma. Matsalar ma an san ta sarai, tana rubuce tun zaman Yuli: babur ɗin fita ƙauye ya lalace, kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ɗan kuɗin man da ake ba mai allura bai ƙara kai shi ko'ina ba. To me aka yanke? Yuli: "An amince a ƙara ƙaimi wajen fita ƙauyuka." Agusta: "Za a duba lamarin babur." Satumba, watan da yarinyar nan ta cika wata tara, lokacin allurar ƙyandarta: "An yi kira ga masu ruwa da tsaki su shigo ciki." Oktoba aka koma wa ƙara ƙaimi. Haka har Fabrairu. Na karanta shafi bayan shafi ina neman sunan mutum guda da aka ce shi zai yi kaza, ko adadi, ko ranar wata. Babu.

Na nemi a kira zama. Na tambayi shugaban kwamitin, dattijo mai mutunci wanda ba ya karɓar ko sisi a wannan aiki, na ce, "Ranka ya daɗe, wa aka ɗora wa gyaran babur ɗin nan?" Ya ce ai kwamiti ne gaba ɗaya. Na juya ga incajin asibitin, ya ce shi a fahimtarsa Baba shugaba ne zai je sakatariyar ƙaramar hukuma ya yi magana. Shugaba ya ce shi kuma ya ɗauka incaji ya riga ya rubuta takarda. Sakatare ya ce abin da kunnensa ya ji ya rubuta. A cikin ɗakin nan akwai wakilin 'yan acaɓa, wanda ya ce da an gaya masa da ya ba da yaro guda ya riƙa kai mai allura a zuba masa mai kawai. Akwai ɗan kasuwar da ya ce taya da sarƙa ba su kai abin da yake bayarwa a masallaci ranar Juma'a ba. Kuma asibitin yana cikin masu samun kuɗin asusun kiwon lafiya na BHCPF, akwai abin da za a iya taɓawa. Ba wanda ya ƙi, ba wanda ya ci kuɗi. Wata takwas mutanen kirki suna haɗuwa suna watsewa, kowa ya tafi gida da nutsuwar cewa an tattauna.

Wani a wurin ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, kowa da kwanansa. Amma ranar da aka tsaya hisabi ba za a tambaye mu kwanan yarinyar ba, amanar da muka karɓa za a tambaye mu.

Ga abin da nake so duk mai shugabantar zama ya riƙe. Shawarar da ba ta da sunan mutum ɗaya ba a yanke ta ba. In ba ta da adadi ba a yanke ta ba. In ba ta da rana ba a yanke ta ba. Zaman gaba kuma da ita ake farawa, kafin jawabin kowa.

Ba wanda ke shiga kasuwar Charanchi ya ce wa mai awo ya ba shi gero mai ɗan dama. Tiya ake faɗa, a auna a gabanka, ka biya. Amma mu a ofis sai mu yarda da "inganta", "ƙarfafa", "faɗakar da al'umma", kalmomin da ba mai iya cewa an yi su ko ba a yi ba. Da zaman Yuli ya rubuta cewa incaji zai kawo ƙiyasin gyaran babur ranar Alhamis, shugaba da ma'aji su fitar da kuɗi kafin Litinin, mai allura ya fita rugar nan da unguwannin biyu sau ɗaya kafin ƙarshen wata, ya dawo da takardar tali, da zaman Agusta ya tarar da tambaya mai amsar e ko a'a. Ko da amsar a'a ce, an san fuskar da za a kalla.

Abin takaici, mu ma'aikatan lafiya a Katsina ba baƙin wannan ba ne. Mun taɓa yin sa, kuma ya yi aiki. A 2012 yara 122 cutar shan inna ta kama a Najeriya. A ƙarshen shekarar aka kafa cibiyar ayyukan gaggawa a Abuja, daga baya aka kafa a jihohi irin su Kano da Katsina. Duk wanda ya yi aikin zagayen foliyo a wancan lokaci ya san zaman maraice a sakatariya. Ba jawabi, ba dogon gaishe-gaishe. Mazaɓa ta miƙe ta faɗi yara nawa aka nufa yau, nawa aka ɗiga wa, gida nawa aka ƙi, nawa aka sasanta, wa zai koma gobe da safe tare da mai unguwa. Washegari da maraice da sunanka za a fara. Bayan an gama zagaye masu binciken LQAS su shigo su duba alamar rigakafi a yatsun yara 60, ko ku ci ko ku faɗi, in kun faɗi ku koma. A 2013 adadin yaran da cutar ta kama ya sauko zuwa 53, a 2014 ya dawo 6, ranar 25 ga Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Ba zaman maraice kaɗai ya kawo haka ba, sarakuna da malamai da matan da suka bi gida-gida sun yi aiki. Amma zaman ne ya hana aikin kowa ɓacewa cikin "ana nan ana ƙoƙari". Me ya sa da muka dawo kan rigakafin yau da kullum muka ajiye wannan tarbiyya? Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2023 ya nuna yara kusan miliyan 2.1 a Najeriya ba su samu ko Penta ta farko ba, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Ƙyanda kuwa sai an kai kashi 95 cikin ɗari da allura biyu take sakin gari.

Sai dai a kula, don adadi ma ana yi masa ha'inci. Da zarar ka ce a kawo lamba, akwai wanda zai zauna gindin bishiya ya cika takardar tali da biro. Na sha ganin asibitin da ke kawo kashi 120 cikin ɗari, alhali kwalaben da ya karɓa daga sito ba su isa rabin hakan ba. Irin wannan ya fi mai "ƙara ƙaimi" illa, domin shi ya rufe ramin da tabarma ne, kowa ya ɗauka lafiya. Duk lambar da aka kawo zama a zo da shaidarta: rajista, kati, lissafin kwalabe. In tazarar Penta ta ɗaya da ta uku ta haura kashi 10, kada a ce mini "za a bi sawu". A karanto sunayen yaran da ba su dawo ba daga rajista, a raba wa masu unguwanni, kowa ya san nasa guda nawa ne, ya dawo da bayani a kan kowane ɗaya. Shugaban da ke zagin wanda ya kawo lamba ƙarama ta gaskiya kuma ya sani shi ne ke koya wa ma'aikatansa ƙarya.

Kada kuma a auna motsi a ce an auna sakamako. "Mun yi taron wayar da kai sau huɗu" ba buri ba ne. Yara nawa suka zo bayan taron? Hoton da ake ɗauka a tura WhatsApp, kowa riƙe da ruwan leda, ba shaidar aiki ba ce, shaidar zama ce.

Buri uku ya isa zama ɗaya. Na ga ajanda mai batu 14, aka kai la'asar ba a gama na biyar ba.

Sannan ga masu zuwa don kuɗin mota, waɗanda ke sa hannu su fita amsa waya har a tashi. Da manyan da sai an jira su sa'a biyu, su zo su yi jawabi su tafi kafin a kai ga batun. Da masu shirya bita a otal a Katsina, a manna takardu kala-kala a bango, a koyar da tsara manufa da Turancin da rabin ɗakin ba ya ji, a raba jaka, kuma ba wanda zai tako mazaɓa bayan wata uku ya buɗe littafin zama ya ga ko an canza. Waɗannan a wurina sahunsu ɗaya da mai kemis ɗin can, suna karɓar kuɗi a kan abin da ba su warkar ba. Shi kuwa mai kemis, ina roƙon iyaye: yaro mai zazzaɓi da jan ido da ƙuraje asibiti ake kai shi a ranar. Kada a kulle shi a ɗaki, kada a bari wani ya gwada allura a jikinsa.

Na sake maimaitawa, "kwamiti" ba sunan mutum ba ne. "Masu ruwa da tsaki" ba sunan mutum ba ne. In an ce mutum biyu za su yi, a rubuta wanda za a tambaya a cikinsu.

Wannan ciwo bai tsaya a asibiti ba. Kwamitin SBMC mai kula da makarantar firamare da ke Rimaye ko Yashe, ƙungiyar manoma a Kafin Soli, kwamitin masallaci, zaman shugabannin sassa a sakatariya, duk inda ake da littafin zama ina ba da shawara a buɗe shi a duba. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kawo shirin raya al'umma da ya shafi mazaɓu 361 na jihar, ma'ana za a ƙara yawan zama a kowace mazaɓa. Abu ne mai kyau in har kowane zama zai tashi da sunan mai yi, da adadi, da rana.

Ku kuma sakatarori, aikin nan a hannunku yake fiye da yadda kuke zato. Ku ja layi huɗu a shafin ƙarshe: abin da za a yi, wanda zai yi, adadi, rana. Kafin addu'ar tashi ku miƙe ku karanta da ƙarfi, kowane mai suna ya amsa da bakinsa cewa ya karɓa. In shugaba ya ce a rubuta za a duba, ku ce, "Ranka ya daɗe, wa zan rubuta zai duba, kuma zuwa yaushe?" Ba rashin ladabi ba ne, aikinku ke nan. Ku daina "an karanta bayanan zaman baya, an amince" cikin minti ɗaya, a bi layi-layi. Kwafin shafin ya isa hannun kowane mai suna cikin kwana biyu, ɗaya kuma a manna a ƙofar asibiti inda mata masu zuwa awo da mazajensu za su gani. Sakataren da mako ya zagayo bai fitar da shi ba, a ba wani littafin.